Ba A Barin Na Baya A Kan Iyaka

Abin karantawa: Farawa sura 45.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, idan damina ta ɗauke, aka gama girbi, hanyoyi suka bushe, samari da 'yan matan ekklesiyoyinmu su kan so fita. A kan tashi ran Jumma'a da la'asar ko Asabar da sassafe, mutum goma ko ashirin, kowa da gorar ruwa da tabarma da ɗan guzurinsa. A taka da ƙafa zuwa wani gari, a kwana, a yi sujada tare da masu bi na wurin ran Lahadi, kana a komo. Abu ne mai kyau ƙwarai, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma dattawa sun san wani abu game da irin wannan fita. Sau da yawa a kan tashi da waƙa, a komo ba mai ce wa wani uffan. Ba zafin rana ya raba su ba, ba kuwa ƙaya ba. Halin abokin tafiya ne. Akwai wanda tun daga irin wannan fita ya daina zuwa zumunta, daga baya kuma aka daina ganinsa a sujada. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce.

Hanyar Jibiya

Bari mu ɗauki hanya guda wadda mutanen Katsina suka sani. Daga birnin Katsina zuwa Jibiya wajen kilomita 45 ne. A Magama ta Jibiya ma'aikatan kwastan da na shige da fice su ke. In ka wuce su ka shiga Nijar, sai Ɗan Isa, daga nan hanya ta miƙe arewa zuwa Maraɗi. Mutanen ketaren nan da na ketaren can harshe ɗaya ne, dangi ɗaya. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa sarauta a Maraɗi. Daga baya Ingilishi da Faransawa suka shata iyaka, suka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Aikin bishara kuma ya bi wannan hanya. Mishan ɗin da ya yi jiyyar masu kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, shi ne ya buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi a 1956.

Iyakar nan ta sha rufewa. An rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. Cikin waɗannan shekaru kuma 'yan bindiga daga wajen dajin Rugu sun wahalshe da ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana. Don haka kada ƙungiya ta kama irin wannan hanya sai da shawarar dattawan ekklesiya da ta mutanen wurin, kada kuwa a ratsa daji, kada a kai dare.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan hanya shi ne, iyaka ta kan tona halin matafiya. A can ba a tambayar wanda ya fi sauri. Ƙungiya ba ta wucewa sai an gama da mutum na ƙarshe. In ɗaya ya manta takardarsa, ko ya tsaya gardama da ma'aikaci, ko ya ɓace wajen 'yan canji yana neman sefa, sai dukanku ku zauna cikin rana. A nan ne wani ya kan ce, mu tafi mu bar shi, ya same mu a gaba. Wannan magana ita ce mu ke so mu auna da Maganar Allah.

Su wane ne masu gundura?

Kowace ƙungiya tana da su. Akwai Mai-gunaguni: ruwa ya yi ɗumi, tuwo ya yi sanyi, da an bi shawararsa da tuni an isa. Akwai Mai-nawa: ana cewa a tashi, sa'an nan ya ke neman takalminsa. Akwai Sarkin-sauri, wanda ya kan yi gaba shi kaɗai, ya zauna gindin itace, in na baya suka iso yana haki sai ya miƙe ya ce a ci gaba. Akwai Na-san-hanya, wanda bai taɓa zuwa ba, amma ya fi jagora sani. Akwai wanda bai kawo ko ƙulli-ƙulli ba, amma hannunsa ne na fari cikin akushi. Akwai kuma mai surutu, wanda ba ya barin kowa ya yi barci.

Mai karatu, mun san tun da ka fara karanta wannan jeri ka sa wa kowane suna. Amma ka tambayi kanka, a jerin wa sunanka ya ke? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sarkin-sauri yana ganin Mai-nawa ne ya ɓata tafiya. Mai-nawa kuwa, wanda ƙafarsa ta yi bororo tun safe bai faɗa wa kowa ba, yana ganin Sarkin-sauri ba shi da tausayi.

Gargaɗin Yusufu

A cikin surar da muka karanta, Yusufu ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa a Masar. Ya ba su kekuna da guzuri da tufafi, ya sallame su su ƙetare zuwa Kan'ana su ɗauko ubansu Yakubu. Gargaɗi ɗaya ya yi musu a bakin tafiya. Bai ja musu kunne game da 'yan fashi ko ƙishirwa ba, sai game da husuma a tsakaninsu. Ya san su. Ya san da zarar sun fita gari za su fara tone-tone: wa ya ce a jefa shi rijiya, wa ya ce a sayar, don me aka ba Banyamin tufafi biyar da azurfa ɗari uku. Suna ɗauke da labari mafi daɗi da tsohon nan zai ji a duniya, cewa ɗansa yana da rai. Da sun watse a hanya, wa zai kai labarin?

Haka mu ke. Ƙungiyar masu bi da ta isa wani gari fuska a murtuke, rabi sun iso da azahar, rabi da magariba, ta riga ta yi wa'azi tun ba ta buɗe baki ba. A wuri kamar Magama kuwa, inda direbobi da masu talla da ma'aikata su ke kallo, yawancinsu ba za su taɓa shiga majami'armu ba. Abin da za su sani game da Almasihu shi ne yadda muka yi da ɗan'uwan da ya ɓata mana lokaci.

Maƙiyi na baya ya ke nema

A Kubawar Shari'a sura 25 Musa ya tuna wa Isra'ila abin da Amalekawa suka yi musu bayan fitowarsu daga Masar. Ba su tare su ta gaba ba. Ta baya suka bi, suka karkashe gajiyayyu waɗanda suka kasa bin sawu. Kakanninmu fatake sun san wannan. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai yin gaba ya duba hanya da zango, ba a kuwa sakin ƙarshen ayari ba mai tsaro. A farkon 1851 Bature matafiyi Barth ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa daga Gazawa zuwa Katsina, gabas da Jibiya. Dajin da ke tsakani abin tsoro ne a lokacin, saboda yaƙin Katsina da Maraɗi. Ba don daɗin hira mutane su ke haɗuwa cikin ayari ba. Sun san wanda ya ware shi ne rabon mahara.

Shaiɗan bai sake dabara ba. Ba mai ƙarfin bangaskiya da ke gaba yana bada waƙa ya kan fara nema ba. Wanda aka gaji da shi, aka daina jira, aka daina tambaya, shi ya ke bi. Sau da yawa kuwa mai gundura shi ne mai rauni. Mai gunaguni wataƙila akwai abin da ke cin zuciyarsa a gida. Wanda bai kawo guzuri ba wataƙila babu ne, kunya ta hana shi faɗi. Mai yawan surutu wataƙila duk mako ba mai sauraronsa.

Ku duba kuma Dawuda a I Samu'ila sura 30. Ya bi sawun maharan Ziklag da mutum 600. A rafin Besor 200 suka gaji, suka kasa hayewa. Da 400 suka komo da ganima, waɗansu suka ce kada a ba gajiyayyun kome sai matansu da 'ya'yansu. Littafi ya kira masu wannan magana mugaye. Dawuda ya raba daidai, ya mai da shi ka'ida cikin Isra'ila, domin ya san nasarar kyautar Ubangiji ce, ba ta ƙafafun masu sauri ba.

Haƙuri ba shiru ba ne

Kada wani ya ce muna koyar da a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Haƙurin da ya ke haɗiye magana a hanya, ya zo ya amayar da ita a gida bayan idon mutum, ba haƙuri ba ne, ajiyar ƙiyayya ce. Ga shawarwari biyar.

1. A shirya tun a gida. A naɗa shugaba ɗaya. A faɗi lokacin tashi, da inda za a huta, da abin da kowa zai kawo. In za a ƙetare iyaka, shugaba ya ga takardar kowa da idonsa tun ran Alhamis. Rabin faɗan hanya a gida a ke hana shi.

2. Mai ƙarfi ya tsaya a baya. A sa marasa sauri a gaba, tafiyarsu ta zama ma'auni. Yakubu ma, sa'ad da Isuwa ya ce su tafi tare, ya zaɓi ya bi a hankali gwargwadon ƙarfin yara da dabbobi. Sannu ba ta hana zuwa.

3. A ba mai gundura aiki. Na-san-hanya ya riƙe lissafin kuɗi. Sarkin-sauri ya ɗauki jarkar ruwa, za ka ga saurinsa ya daidaita. Mai surutu ya bada waƙa. Mai gunaguni ya raba abinci, ya ɗanɗana yadda a ke ji.

4. In za a tsauta, a keɓe. Ubangijinmu ya koya mana a fara da mutum shi kaɗai. Da almajirai suka yi gardama a hanyar Kafarnahum kan wane ne babba, bai tsai da su a bainar jama'a ba. Sai da suka shiga gida ya tambaye su. Kada a yi wa mutum faɗa yana jin yunwa, ko a gaban baƙi, balle a gaban ma'aikatan iyaka.

5. A ƙidaya kai a kowane zango, a yi addu'a, kana a tashi. Da wuya ka ambaci sunan mutum a gaban Allah da safe, ka yashe shi a hanya da rana.

In ta kai ga rabuwa fa?

Wani lokaci ta kan kai. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Amma ku lura da abu biyu. A Antakiya suka rabu, a gida, cikin 'yan'uwa, ba a tsakiyar hanya ba. Markus kuma bai rasa mai riƙe hannunsa ba. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timothawus ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi. Saurayin da ya gudu daga tafiya shi ne ekklesiya ta sani da marubucin Bishara ta biyu. Dattawa suna da iko su ce wa wani ya dakata a fita ta gaba har ya gyara. Amma wanda kuka fita da shi, wajibi ne ku komo da shi.

Ya ku ƙaunatattu, dukanmu matafiya ne, akwai kuwa wata iyaka a gabanmu wadda ba a ƙetare ta da fasfo. Mai Cetonmu ya yi shekara uku yana taka ƙasa da mutum goma sha biyu masu gardama, masu barci a lokacin addu'a, masu jinkirin fahimta. Bai sallame su ba. Da ya tashi daga matattu, ya neme su. In ya jira ka, kai wane ne da za ka ƙi jiran ɗan'uwanka rabin sa'a a Magama?

Kafin fita ta gaba, ka tuna da mutumin nan da ka ke fata kada ya zo. Ka je gidansa cikin makon nan ka gaishe shi. Ran tafiya kuma ka karɓi rabin kayansa, ka jera da shi.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin tasa, ya kiyaye fitarmu da komowarmu, mu isa gida ba ko ɗaya da ya ɓace. Amin.