Kishin Namiji Da Jingar Shari'a

Batun wannan mako shi ne kishin magidanci a kan iyalinsa.

A ƙasar Haɗeja, idan ruwa ya janye daga fadama, magidanta da yawa sukan tafi su ko cirani, su yi watanni. Wani kan dawo, ɗan tsegumi ya raɗa masa magana tun a tasha, kafin ya kai gida ya riga ya yanke hukunci: saki, ko duka, ko ya ce cikin ba nasa ba ne.

A shekarar 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, David Buss, ya tambayi ɗalibai abin da ya fi ciwo: abokin zama ya kwanta da wani, ko zuciyarsa ta koma ga wani. Kashi 60 cikin ɗari na maza suka zaɓi na farko, kashi 83 na mata suka zaɓi na biyu. Ya ce dalili shi ne uwa ba ta shakkar abin da ta haifa, uba kuwa sai dai ya amince. Don haka tsoron renon ɗan wani ya zama gado a jinin maza. Wasu masana sun ja da shi.

To, ko an karɓi maganarsa, gado ba ya zama hujja. Manzon Allah (S.A.W.) ya san kishin Sa'adu bin Ubada, bai aibata shi ba, amma bai ɗauke masa shaidu huɗu ba. Da Hilalu bin Umayya ya tuhumi matarsa, sai ayoyin li'ani suka sauka a Suratun Nur, 6 zuwa 9: miji ya rantse sau huɗu, ta biyar ya kira la'ana a kansa in ƙarya yake, matar kuma ta kare kanta da tata rantsuwar. Balaraben ƙauyen da ya yi shakkar ɗansa saboda launi kuwa, an tuna masa cewa raƙumansa ma sukan ɗauko launin kakanninsu.

Kogin Haɗeja shi ke ba da shinkafa da kifi, shi ne kuma ya rushe gidaje a ambaliyar 2022. Ba wanda ke roƙon ya ƙafe, jinga ake yi masa. Haka kishi yake, jingarsa shaida ce da alƙali. Wanda ya fasa ta da zato, 'ya'yansa ruwan zai fara ci.

Allah Ya tsare gidajen Musulmi daga sharrin zato, amin.