Tsohon jirgi, sabuwar tukunya: me ake rayawa?

Ƴan'uwa ɗalibai, idan abu ya gama aikin da aka yi shi dominsa, me ya rage masa a wuyanmu? A bar shi ya ruɓe inda ya faɗi, ko a share shi a kulle a gidan tarihi, ko kuwa a ci gaba da moriyarsa ko da moriyar za ta cinye shi? Misalin da zan ɗauko daga nesa yake, kuma na san wani zai ce ina ruwan ɗan Nijar da jirgin ƙasa, mu da yawancinmu ba mu taɓa jin ƙararsa ba. A yi mini haƙuri, zancen zai iso gida.

A ƙasar Wels, yammacin Birtaniya, akwai wani ɗan layin dogo da ake kira Talyllyn. Yana tasowa daga garin Tywyn a bakin teku ya shiga cikin tsaunuka, tsawonsa bai cika kilomita 12 ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 686 ce, wato ko rabin ta manyan layukan Turai ba ta kai ba, tunda su milimita 1435 ne. An tsuke shi haka don ƙaramin layi ya fi araha, ya kuma fi iya lanƙwasa a gefen dutse. An shimfiɗa shi a 1865 don ya riƙa sauko da duwatsu daga mahaƙar Bryn Eglwys, irin baƙin dutsen nan mai tsagewa falle-falle da ake rufin ɗaki da shi, wanda kuma da shi ake yin allon ƴan lakwal na asali, ardwaz. A ƙarshen 1866 ya fara ɗaukar fasinja. Kawunan jirgi biyu aka saya masa, masu aiki da tururi: ɗaya Talyllyn, ɗaya Dolgoch.

Shekara tamanin da ɗoriya waɗannan kawuna biyu suna ja, ba a ƙaro musu ɗan'uwa ba. A 1946 mahaƙar ta rufta, aka rufe ta. Mai layin, Haydn Jones, ya yi alkawarin jirgi ba zai tsaya ba muddin yana da rai, kuma ya cika. Da ya rasu a 1950, layin ya riga ya lalace: katakan da ke ƙarƙashin ƙarafa sun ruɓe, a wurare da yawa ciyawa da ƙasa ne ke riƙe da su, kuma Dolgoch kaɗai ke iya motsi. Sai wani marubuci kuma injiniya, Tom Rolt, ya tara mutane a birnin Bamingam a watan Oktoba na 1950, suka kafa ƙungiya don karɓar layin. Ranar 14 ga Mayu 1951 jirginsu na farko ya tashi. Wannan shi ne layin dogo na farko a duniya da ƴan sa-kai suka ceto suka ci gaba da tafiyar da shi, kuma har yau yana aiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kan jirgi mai tururi yana cin kansa ne yayin da yake aiki. Ana hura wutar kwal a cikin akwatin ƙarfe, zafin ya bi ta bututai masu ratsa tukunyar ruwa, ruwa ya tafasa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Wuta na cin ƙarfen ta ciki, ruwa na cinsa ta waje. Saboda haka kusan duk shekara goma sai an kwance tukunyar an bincike ta, domin tukunyar da ta fashe da tururi a ciki tana kashe mutane. An kai Dolgoch gyara a 1954, bai dawo ba sai 1963, da sabuwar tukunya. A 2011 aka sake yi masa wata. Katakan layi an sauya su, ƙarafan ma haka. Idan mai yawon buɗe ido ya tsaya gaban Dolgoch yau aka ce masa ga jirgin 1866, gaskiya aka faɗa masa?

Girkawa sun yi wannan gardama tun da daɗewa a kan jirgin ruwan Tesiyos, wanda mutanen Atina suka riƙa cire ruɓaɓɓen katakonsa suna sa sabo, har masana suka rabu biyu: wasu na cewa shi ne dai, wasu na cewa wani ne daban. Mai ra'ayin adana ƙarfe zai ce da an bar Dolgoch yadda aka same shi a 1950, a ɗora shi kan dakali a kewaye da igiya, da yanzu muna da ainihin abin da maƙeran 1866 suka ƙera, da tabon kowace guduma. Wannan hujja ce mai nauyi. Duk ƙarfen da aka cire aka jefar, wata shaida ce ta tarihi ta tafi, kuma ba ta dawowa.

Ni dai ina tare da waɗanda suka zaɓi hura wuta, kuma karatun harshe ne ya kai ni can. Ku dubi Hausar da muke yi. Kakannin kakanninmu ba su san mota ba, ba su san lakwal ba, ba su san kamiyo ko rediyo ba. Kalmomi irin su littafi da alƙalami da lokaci daga Larabci suka shigo. Wasu kalmomin da tsofaffi ke faɗa a ƙauye, mu a Yamai sai mun tambaya. An sake wa harshen tukunya ba sau ɗaya ba, amma ba wanda ya ce ba Hausa ba ce. Harshen da ya daina sakewa shi ne wanda masu shi suka ƙare, ya rage a cikin ƙamus. Ƙamus na da amfani ƙwarai, da shi nake karatu kullum, sai dai ba ya yi wa jariri wasa, ba ya cinikin albasa a kasuwar Galmi. Abin da ke sa Hausar yau ta zama ɗaya da ta jiya shi ne igiyar ba ta tsinke ba: uwa ta yi wa ɗa, ɗa ya yi wa jika, ba ranar da aka wayi gari babu mai magana.

Haka nake ganin jirgin. Abin da mutanen Talyllyn suka ceto a 1951 ya haɗa da ƙarfe, amma mafi tsadarsa ilimin da ke hannun mutane ne. Ba a tayar da kan jirgi mai tururi da makulli kamar mota. Sai an yi sa'o'i ana hura wuta a hankali, don idan aka gaggauta, ƙarfe zai buɗe ba daidai ba ya tsage. Mai zuba kwal dole ya san inda zai watsa kowane shebur, ya karanta launin hayaƙi, idonsa kuma na kan gilashin da ke nuna tsayin ruwa, don idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, masifa ce. Ya san tudu na zuwa tun kafin a iso shi, ya tanadi tururi. Direba kuwa da kunne yake gane ƙafa ta fara sulɓi a kan jiƙaƙƙen ƙarfe. A irin waɗannan layuka mutum yana farawa ne da goge jirgi, ya daɗe kafin a ba shi shebur, ya ƙara daɗewa kafin a ba shi tuƙi. Duk wanda ya ga yadda yaron mota ke zama direba a tashar Maraɗi, ko yadda ɗan maƙeri ke shekara yana zuga kafin a miƙa masa guduma, ya san wannan hanya. Ana iya rubuta dokokinta a littafi, amma hannu ba ya koya sai da jirgi mai rai. In aka kashe wutar shekara talatin, ƙarfen zai tsira, masu sanin sirrinsa su mutu.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, kuma ruwa da iska na zaizaye ta. Itatuwan nan da suka fito a jikinta, a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe. Ƙasar da ke fuskarta yau ba ita ce ta ƙarnin da aka gina ta ba, amma ba Ba'agadashen da zai yarda an sauya masa hasumiya. Da yaɓe take tsaye, yaɓe kuma da magina yake tsaye.

Sai dai kada in sauƙaƙa wa kaina. Akwai tuhuma biyu da suka fi ta ƙarfe zafi.

Ta farko: wane tarihi ake rayawa? Fasinjan yau yana zaune cikin tarago mai sabon fenti, yana kallon magangarar ruwa da tumaki. Mutanen da aka yi layin dominsu kuwa a cikin rami suke yini, ƙurar dutse na cika musu huhu, rufin rami na iya faɗo musu. Gyara yana iya zama wanki, a wanke wahala a bar ado. A nan ne nake tuna wani ƙaramin layi da ya fi kusa da mu, wanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai tazarar milimita 762, aka gama shi a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. A lokacin yaƙin duniya na biyu an yi aikin tilas a mahaƙan kuzar nan, an kwaso talakawa daga ƙauyukan Arewa. Da a ce yau wasu za su tayar da wannan layi su riƙa yawo da baƙi, ba su ambaci waɗanda suka haƙa kuzar ba, ni sai in ce gara a bar shi a kwance. Wanda ya gaji jirgi ya gaji bashin labarin mutanensa. A Wels an ɗan kama hanya: a 2021, da UNESCO ta sa yankin duwatsun allo cikin kayan tarihin duniya, ta haɗa layin Talyllyn da mahaƙar da ƙauyen ma'aikata na Abergynolwyn a matsayin abu guda. Hakan ya dace, don jirgin ba ya da ma'ana in aka raba shi da ramin.

Ta biyu ta fi taɓa mu. Waɗannan mutane suna ƙona kwal don nishaɗi, alhali mu a bakin Sahara muke shan zafin sauyin yanayi. Gaskiya ne ɗan abin da ƙaramin jirgi ke ƙonawa ba a bakin komai yake ba in aka gwada da masana'antu da jiragen sama, amma ƙanƙantar laifi ba ta mayar da shi lada. Abin da zan iya cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin al'ummar da ta dogara da kwal da wadda ta ajiye ɗan kaɗan don ƴaƴanta su ga yadda aka faro. Su ma abin ya fara matsa musu, tunda mahaƙar Ffos-y-fran, wadda irin waɗannan layuka suka daɗe suna sayen kwal daga gare ta, ta rufe a 2023. Wata rana dole su sake abin da suke ƙonawa, kamar yadda suka sake tukunya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma a ra'ayina jirgin zai ci gaba da zama shi ne.

Yanzu mu dawo gida. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin jirgi daga Kano zuwa teku, amma jirgin bai taɓa tako ƙasarmu ba. An shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, an yi bikinsa a 2016, ga ƙarafa nan kwance ba jigila. Ana kuma aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Dubi abin mamaki: can ga layin da ya haura shekara 150, ya ruɓe, amma yana tafiya don akwai masu tashi da asuba su shafa masa mai ba tare da albashi ba, nan ga sabo fil yana tsatsa. Ashe sabunta ba ta rayar da abu, tsufa kuma ba ya kashe shi. Gini muna iyawa, buɗewa da kaɗe-kaɗe muna iyawa. Famfon unguwa, injin niƙa na ƙungiya, ɗakin karatu na lakwal, kowa a cikinmu ya san guda da ya mutu saboda ƙaramin abin da ba wanda ya ɗauka nasa ne ya gyara.

Don haka amsata ga tambayar farko ita ce: abin da ya gama aikinsa, in har akwai ilimi a tattare da shi wanda ba ya rayuwa sai da aiki, haƙƙinsa a kanmu shi ne mu ci gaba da aiki da shi, mu yarda zai sauya a hannunmu, mu ajiye abin da muka cire tare da bayaninsa, mu kuma faɗi labarinsa duka har da ɗacin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu mai kula da amya.

Mu da muke jami'a, Faransanci ya cika mana baki, har wani in ya fara jimla da Hausa sai ya ƙarasa ta da Faransanci. Aro ba ya ba ni tsoro, sabuwar tukunya ce. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da za mu haifi ƴaƴa mu ga Hausa ba ta isa a yi musu bayanin lissafi ko falsafa da ita ba, mu ajiye ta don gaisuwa da zagi da waƙar biki. Ran nan mun ɗora ta kan dakali mun kewaye da igiya. Kowa ya duba abin da ke hannunsa, harshe ne ko sana'ar gidansu, ya tambayi kansa wa yake koya wa.