Hali Zanen Dutse Ne?

Hausawa sun ce hali zanen dutse, ba mai shafewa. Sun kuma ce mai hali ba ya barin halinsa. Wannan karin magana yana bakin kowa, har da mu masu bi. Uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye yakan faɗe shi ran da ya gaji. Matar da mijinta ya saba da zagi takan ji shi daga bakin dangi. Dattijon ikkilisiya mai saurin fushi kuwa yakan ce, "Haka Allah ya yi ni," shi ke nan an rufe magana. To, in gaskiya ne hali ba ya sakewa, me yake kai mu sujada kowace Lahadi? Tambayar ba ƙarama ba ce, gama a kanta ne aure yake tsayawa ko ya mutu, a kanta kuma ake rungumar ɗa ko a sallama shi.

Bari mu fara ba magabata haƙƙinsu. Sun ga mutum ya yi rantsuwa da safe, ya koma gidan jiya kafin magariba. Mu ma muna gani. Akwai wanda ya yi shekara ashirin da baftisma, yana ba da zakka, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, amma mudunsa a Kasuwar Kure bai cika ba har yau. Duk koyarwar da ta ce hali yana sakewa cikin sauƙi, ba ta san zuciyar ɗan Adam ba.

Amma mu duba yadda ake yin zane a dutse. Ba a haifi dutse da zane ba. Bugu ne a kan bugu, a wuri ɗaya, har ya zauna. Haka hali yake. Ƙaryar fari tana da wuya, ta goma tana da sauƙi, ta ɗari kuwa mai yinta ba ya ma sanin ya yi. Abin da muke kira halitta, yawancinsa sabo ne da ya daɗe. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Gurara, a hanyarmu ta zuwa Suleja, ya ga yadda ruwa ya goge duwatsu suka yi santsi. Ruwa bai fi dutse tauri ba, sai dai bai taɓa fasa zuba ba.

Littafi Mai Tsarki ya wuce nan. A Ezekiyel 36:26 Ubangiji bai yi alkawarin goge zanen kaɗai ba, dutsen kansa ya ce zai cire, ya sa zuciya mai taushi a maimakonsa. Mu dubi manzo Yohanna. A Luka 9:54, shi da ɗan'uwansa Yakubu suka so a sauko da wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa domin sun ƙi karɓar Yesu. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuwa, wannan Yohanna ne ya tafi Samariya tare da Bitrus, ya ɗora wa Samariyawa hannu domin su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Mu dubi Markus kuma, saurayin da ya bar aikin bishara a tsakiyar hanya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa. A ƙarshen ransa Bulus ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin ya zama mai amfani a gare shi. Da Barnaba ya yarda cewa hali zanen dutse ne, da an yi asarar wannan bawan Allah.

A nan sai mu bambanta abu biyu. Akwai irin ginin da Allah ya yi wa mutum: wani mai zafi ne, wani mai sanyi, wani mai magana, wani mai shiru. Wannan ba zunubi ba ne, ba a kuma ce mu tuba daga gare shi ba. Himmar da Shawulu ya tsananta wa ikkilisiya da ita, ita ce Bulus ya zaga ƙasashe da ita yana wa'azi. Abin da ya sake shi ne maigidan da himmar take yi wa aiki. Saboda haka mai zafin rai ba shi da hujjar cewa haka aka halicce shi sa'ad da ya mari matarsa. Zafin halitta ne, marin kuwa zaɓi ne.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya yi yawa a zamaninmu: tsammanin cewa addu'ar dare ɗaya ko ɗora hannun wani babban mai wa'azi za su gama aikin. Bitrus ya cika da Ruhu a ranar Fentikos, duk da haka bayan shekaru, a Antakiya, tsohon tsoron mutane ya sake kama shi, har Bulus ya tsauta masa a fili (Galatiyawa 2:11-14). Shi ya sa Nassi ya kira halin kirki 'ya'ya, 'ya'yan itace kuwa ba sa nuna a rana ɗaya. Manomin doya a Paiko ya san wannan. Ba shi yake sa doya ta yi girma a ƙarƙashin ƙasa ba, amma in bai tara ƙasa ba, bai kafa wa yaɗo sanda ba, bai yi noma ba, ba zai ga kome ba ran girbi. Girma na Allah ne, noma namu ne.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma shaida ne. A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida, nan cikin jiharmu ta Neja. Bingham ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya mai da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito cikakke ba sai 1932, ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954, shekara 61 bayan saukar farko. Idan Allah ya yi wannan haƙuri da al'umma, don me za mu yanke wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai hukunci?

Ya ku iyaye, makarantar hali ta fari ita ce gida. Yaro ba ya koyon gaskiya daga bulala idan ya ji uwarsa ta ce a gaya wa mai bin bashi ba ta nan. Ba zai koyi tuba ba idan bai taɓa jin ubansa ya ce "ki gafarta mini" ba. Mu kiyaye bakinmu daga kiran yaro ɓarawo ko marar amfani. A tsauta wa laifin, a bar wa mai laifin ƙofar dawowa. Mu riƙe addu'ar iyali ko da ta minti goma ce. Kowa kuma ya zaɓi hali ɗaya da yake damun mutanen gidansa, ya kai shi gaban Ubangiji kullum, ya nemi wani amintaccen mai bi da zai riƙa tambayarsa gaskiya.

Sai dai a lura, sa zuciya ba rufe ido ba ne. Matar da ake duka kada a ce mata ta yi shiru da sunan haƙuri. A kai maganar ga fasto da dattawa, a kuma kāre ta. Tuba ta gaskiya tana da alama, lokaci ne kuma yake nuna ta.

Hali yana da taurin dutse, gaskiya ne. Amma wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu, shi ne ya mirgine dutse daga bakin kabari. Ubangiji ya ba mu alherin da ba za mu fid da zuciya a kan kowa ba, ko a kan kanmu. Amin.