Tsakanin Iri da Tukunya

A shekarar 2022 malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, saboda haka ina gida, a ƙauyenmu da ke ƙasar Kaugama, lokacin da ruwa ya zo. Da idona na ga Kogin Hadejia ya cika ya tumbatsa, ya bi fadama ya shafe shinkafar da ta fara fitar da kai, ya kuma hauro ya kwantar da geron da ke kusa da gaɓa. Mahaifina ya tsaya a kan tudu yana kallon wahalar damina guda tana nutsewa, bai ce uffan ba. Da aka janye yajin aikin na koma makaranta, ban cika mako biyu ba sai ga saƙon banki a wayata: kuɗin tallafin karatu da wata gidauniya take ba ni sun shigo. A daren nan ban runtsa ba, ina ta juya wata tambaya wadda har yau ban gama da ita ba. Kuɗin nan na wane ne? Nawa ne, ko na wanda ya bayar, ko kuwa na gidan da ya haife ni, wanda na baro rumbunsa wayam?

Kafin in shiga wannan, ya kamata in faɗi yadda na sami tallafin, domin tun daga nan aka fara gwada ni. A wani shagon kwamfuta a Hadejia na cike fom ɗin, ɗauke da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbin karatu, da sakamakon shekarar farko. Da muka iso gurbin da ake tambayar abin da mahaifi yake samu a shekara, sai na tsaya cak. Manomi ba ya lissafin samunsa da naira. Da dami da buhu yake yi, kuma abin da ya samu bana ba shi zai samu baɗi ba. Yaron shagon ya dube ni ya ce, “Abokina, rubuta kawai mahaifinka ya rasu. Kowa haka yake yi, marayu ake fara dubawa.”

Ban rubuta ba, amma kada mai karatu ya ɗauka tsantsar gaskiya ce ta hana ni. Tsoro ne. Hannuna ya kasa rubuta mutuwa a kan mutumin da na baro da safe yana gyaran garma. Sai dai da aka zo kan dukiyar gida, na yi shiru a kan shanun huɗarmu guda biyu, na ce wa raina ai ba a tambaye su da suna ba. Irin wannan ƙarya tana da sauƙi a baki domin ba a ganin wanda ta cuta. Mutum yakan ɗauka gidauniya ko gwamnati ya yaudara, su kuwa ba sa jin zafi. Alhali guraben ƙididdigaggu ne. Duk wanda ya matsa gaba da ƙarya, akwai wani da ya matsar baya, watakila maraya na ainihi, wanda zai ga babu sunansa ya ce Allah bai nufa ba. Wannan fili yake, ba ya bukatar doguwar muhawara, ko da yake sanin hakan bai hana ni ɓoye shanun ba.

Abin da yake da wuya shi ne na bayan samu. Tallafin yana da sharaɗi: kuɗin na rajista ne da littattafai da abinci, kuma idan makin ɗalibi ya sauka ƙasa da wani mataki, a janye. Na sa hannu a kan haka. To amma babu wanda ya roƙe ni ko kwabo daga gida, kuma wannan shirun ne ya fi komai nauyi. Da Baba ya buga waya ya ce in aiko, da watakila na sami bakin yi masa bayani. Bai yi ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa, balle ya buɗe baki ya nemi abu a hannuna. Inna ce dai, da na tambaye ta lafiyar gida, ta ce, “Lafiya lau, ƙannenka suna gaishe ka. Jiya ma kunu suka sha suka kwanta, sai wasa suke yi.” Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da wannan magana take ɗauke da shi.

Na biya rajista, na raba abin da ya rage kashi uku, na aika biyu gida ta hannun wani mai POS, na ce a faɗa wa Baba rarar kuɗi ce da ba ni da bukatarta. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ce na fi alfahari da ita a lokacin. Zangon nan na yi shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Takardun darasi sai aro, in karanta da dare in mayar da asuba. Asabar da Lahadi ina wajen masu gini ina ɗaukar bulo. Da jarrabawa ta zo na faɗi darussa biyu, makina ya gangaro, sai ga takardar gargaɗi: zango ɗaya aka ba ni in gyara, in ba haka ba a yanke tallafin.

Mutum biyu na kai wa maganar, kowanne ya ba ni amsa mai ƙarfi, kuma amsoshin ba su haɗu ba. Na farko wani malaminmu ne, dattijo, wanda ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce amana na ci, ko da kuwa da kyakkyawar niyya. A ganinsa, wanda ya ba da dukiyarsa domin wata manufa yana da haƙƙin a kai ta inda ya nufa. Idan aka ba ka kuɗi ka kai wa mai haƙar rijiya, ba ka da ikon saya wa mayunwaci tuwo da su, duk da cewa ciyarwa alheri ce, domin ba naka ba ne da za ka zaɓa musu hanya. Ya ƙara da cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyun baffana ne, ƙanin mahaifina. Shi dariya ma ya yi. Ya ce, “Ɗana, wa ya kai ka inda gidauniyar ta gan ka? Tun daga firamare har sakandare, awaki nawa uwarka ta sayar? Abin da ya shigo hannun ɗa ai ya shigo gida ne. Takarda ce kawai ba ta san haka ba.”

Baffa ya taɓo gaskiyar da masu tsara fom ba su cika lura da ita ba. Fom yana ganin ɗalibi shi kaɗai, da sunansa da lambarsa da asusunsa na banki, kamar daga sama ya faɗo. A ƙasarmu kuwa ɗalibin jami'a jarin gida ne baki ɗaya. Hannunsa da aka cire daga gona asara ce da wasu suke cikewa da guminsu. Saboda haka cewa ya ci ya ƙoshi a ɗakin kwanan ɗalibai alhali ƙannensa suna kwana da kunu, ba ƙaramin abu ake nema a wurinsa ba, kuma ni ina shakkar ilimin da zai koya wa mutum yin haka ba tare da zuciyarsa ta motsa ba. Amma malamin nan ma bai yi kuskure ba. Na karɓa da sharaɗi, na saɓa, na kuma ɓoye. In da na tabbata abin da na yi daidai ne, me ya hana ni faɗa wa gidauniyar, me kuma ya sa na ce wa Baba rara ce?

Wanda ya warware mini wani sashe na ƙullin shi ne mutumin da na yi abin dominsa. Da na je hutu na nuna masa takardar gargaɗin, na karanta masa, na fassara. Ya daɗe bai yi magana ba. Can sai ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya kira ni, ya nuna mini wani ɗan buhu a rataye a jikin azara, an ɗaure bakinsa tam. Irin shinkafa ne. Duk tsananin da aka shiga bayan ambaliyar, ranakun da aka kwana da kunu da waɗanda ko kunun ba a samu ba, wannan buhu yana rataye a saman kansa bai kwance shi ba. Ya ce, “Kai yaron nan, ashe iri ka aiko mana muka ci? Da ka faɗa mini, da ban karɓa ba. Da na sayar da sa guda.”

Na fahimci a ranar cewa laifina mafi girma ba aikawar ba ce. Na yanke wa mahaifina hukunci ne a kan abin da ya fi ni sani. Manomin fadama ya san bambancin abin da ake ci da abin da ake ajiyewa fiye da duk wani mai rubuta sharaɗi a ofis. Yana da hanyoyin da ban lissafa ba: ga sa, ga noman rani da za a shiga da zarar ruwa ya janye, ga 'yan'uwa a tudu da riɗinsu ya tsira. Na hana shi zaɓi domin na hana shi labari. Kunya ce ta sa shi shiru, ni ma kunya ce ta sa ni ƙarya, muka taru muka kusa hallaka abin da dukanmu muke tattali. Shanun nan da na ɓoye wa fom kuwa, ga shi ɗayansu ya dawo cikin zancen ta ƙofar da ban zata ba.

Duk da haka ba zan ce ba a taɓa iri ko ana mutuwa ba. Tsofaffinmu suna ba da labarin shekarun fari na 1973 da 1984, lokacin da wasu gidaje suka kwance irin suka dafa, kuma babu mai hankalin da zai zarge su, domin iri ba ya amfanar wanda bai kai damina ba. Da ƙanwata ce take kwance a asibiti ana neman kuɗin jini, da zan sake aikawa, in kuma rubuta wa gidauniyar in faɗa musu abin da na yi, su yanke abin da suka ga dama. Abin da ban yarda da shi ba yanzu shi ne ɗalibi ya zauna shi kaɗai da dare ya auna yunwar gidansu da tausayi, domin tausayi mugun ma'auni ne, kullum yana nuna wa mutum cewa yau ce ranar ƙarshe.

Yau zancen ya ɗauki wani salo. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Akwai tallafin da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa take ba 'yan asalin jihar, sannan ga asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, wanda aka sake wa doka a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nemansa a watan Mayu. Dokar farko ta 2023 ta gindaya cewa samun gidan ɗalibi kada ya wuce naira 500,000 a shekara, ta kuma bukaci masu tsaya masa. Sabuwar ta cire waɗannan, wato ta rufe ƙofar irin ƙaryar da yaron shago ya koya mini. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura su ga makarantar, ɗalibi kuma a ba shi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Ko da gangan ko ba da gangan ba, tsarin ya rataye irin a inda hannun mai tausayi ba zai kai ba.

Sai dai wannan bashi ne. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma za a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ta wata fuska, mai lamuni ya fi mai tallafi 'yancin aika wani abu gida daga kuɗin ɗawainiyarsa, tunda shi zai biya. Ta wata fuskar kuma, ya ciyo wa gida bashi ne da sunansa shi kaɗai, gidan bai sani ba. Na ji ɗalibai suna cewa ai rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba mai biya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba su ce a karɓa da niyyar cinyewa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma abin da wannan ɗalibi ya ƙi mayarwa, daga hannun ɗan wani manomin da bai shiga jami'a ba tukuna ya fizge shi.

Ni dai na rubuta wa gidauniyar na faɗi komai, har da shanun. Ba su amsa wasiƙar ba, ba su kuma janye tallafin ba, na gyara makina da kyar a zangon da aka ba ni. An sayar da san, ɗayan aka riƙa haɗa shi da na maƙwabci ana huɗa.

Bana ƙanwata ta sami gurbi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, kuma ta nemi lamunin. Daren da za ta tafi Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce in karanto masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan naira 20,000 sai ya tsayar da ni, ya juya wurinta ya tambaye ta nawa take ganin za ta ci a wata, nawa sabulu, nawa takardu, nawa kuɗin mota. Ta yi ta lissafi da yatsu tana sunkuyar da kai, jimillar ta zarce kuɗin. Ya ce to, cikon yana wuyansa, za a riƙa kai mata gero da wake duk wata. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskarsa, ta fasa, ta tashi ta shiga ɗaki ta ci gaba da ɗaure mata kaya.