Rijiya ɗaya, gwafa da yawa

A arewacin Dakoro, daga kwarin Tarka har zuwa Bermo, rijiyar makiyaya ta fi ƙarfin jan hannu. Gwafa ake kafawa a bakinta, a ɗora ƴar tayar itace, igiya ta bi ta kai, a ɗaura wa raƙumi ko sa ko jakuna, yaro ya kora su can nesa har wasaki ya fito. Kuma gwafar ba ɗaya ba ce. Rijiya guda takan ɗauki da yawa, kowace da masu ita, da komin da suke zuba wa dabbobinsu, da lokacin da suke ja. Ba kowa ke iya haƙa tasa shi kaɗai ba, don kuɗin haƙar yakan fi ƙarfin gida ɗaya.

Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da masu kwamfuta ke kira gajimare. Hotunan da muke ajiyewa a intanet da saƙonnin da muke aikawa suna zaune ne cikin manyan injuna a wasu ɗakuna masu sanyi. Kowane inji an rarraba shi zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja, kowace da nata rabon ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, tana aiki kamar ita kaɗai ce a wurin. Dabarar tsohuwa ce. IBM ya fitar da tsarin VM/370 tun 1972. A 2003 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka fitar da Xen, kuma a kansa Amazon ya fara ba da hayar kwamfuta ta intanet a 2006. A 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, wanda kowa ke da izinin ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara, ya ba wani.

Me ya haɗa wannan da Dakoro? A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta yarda da tsofaffin injuna da yawa. Irin waɗannan injunan ne, na hannu, suka fi yawa a makarantunmu da ofisoshinmu da shagunan buga takardu. Ba su mutu ba. Nau'o'in Linux irin su Debian ko Ubuntu za su tashi a kansu ba tare da an biya ko dala ta lasisi ba. Inji ɗaya mai ɗan ƙarfi, idan aka kunna masa damar rarrabawa a cikin BIOS aka ɗora manhajar rarrabawa ta Proxmox, zai iya riƙe rajistar ɗalibai a ɓangare guda, lissafin kuɗi a wani, littattafan karatu a na uku. Ga garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ciyar da inji ɗaya da farantin sola da batir ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ciyar da uku. Bayanan kuma suna nan cikin gari ko da layin intanet ya yanke.

Sai dai makiyaya sun san wani abu da mai sabon ilimi yakan manta saboda ɗoki. Ƙarin gwafa ba ya ƙara ruwa. A tsakiyar rani, in an ja fiye da yadda idon rijiya ke kawowa, laka wasaki zai ɗebo, kowa ya zauna jira. Inji mai ƙwaƙwalwar gigabait 16 da aka yi wa alkawarin kwamfutoci shida, kowace da 4, lafiya zai yi har ranar da duk suka nema lokaci guda. Ranar nan kowa zai tsaya, har wanda bai ci rabon kowa ba. Shi ya sa ake yanke wa kowane ɓangare iyaka tun farko, a kuma bar wa uwar injin nata kaso.

Ga kuma yasa. Rijiyar da kowa ke sha amma ba a san wanda zai shiga ya kwashe yashi ba, ita ce ke fara cikewa. Abin da na fi jin tsoro ke nan game da manhajar kyauta a wurinmu: a ɗauka tunda ba a saye ta ba, ba ta bukatar mai kula. Tana bukata ƙwarai. Akwai sabuntawar tsaro da za a riƙa saukewa, akwai ƙurar hunturu da ke toshe fanka, akwai zafin Afrilu da ke cin faifan ajiya. Haɗarin ma ya ƙaru, domin da inji uku ne, in ɗaya ya lalace biyu na aiki, yanzu kuwa faifai ɗaya ya ƙone an rasa komai. Dole kwafin bayanai ya kasance a wani faifai dabam, a wani ɗaki dabam, a kuma riƙa gwada mayar da shi don a tabbatar yana buɗuwa.

Don haka kuɗin lasisin da aka tsira da shi bai kamata a lissafa shi riba ba. A kashe shi a kan mutum. Matasan Dakoro da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da masu gyaran waya a kasuwa waɗanda hannunsu ya riga ya saba da ƙananan kusoshi, su ne za su iya wannan aiki in an koya musu an kuma yanka musu albashi. A koya wa biyu a kowane wuri, a rubuta kalmomin sirri da rabon kowane ɓangare a littafi, a ajiye wurin shugaban ma'aikata, domin wanda ya kafa injin yana iya samun aiki a Yamai ya tafi.