Lai'atu, Matar da Ba a Zaɓa Ba

A wa'azin ɗaurin aure akan yawaita yabon Yakubu, wanda ya yi wa kawunsa Laban kiwo shekara 7 domin ya auri Rahila. Ba safai ake tunawa da matar da ta wayi gari a ɗakinsa bayan daren biki ba. Ita ce Lai'atu, yayar Rahila, wadda mahaifinta ya tura cikin duhu domin ya yaudari ango. Bayan mako guda aka ba Yakubu Rahila, ya ƙara bautar shekara 7. Bahaushe yana da suna ga irin wannan zama: mowa da bora.

Sura ta 29 ta Littafin Farawa ta buɗe zuciyar Lai'atu ta wurin sunayen 'ya'yanta. Da ta haifi Ra'ubainu, ta sa rai cewa yanzu mijinta zai ƙaunace ta. Da Saminu ya zo, ta ce Ubangiji ya ji cewa ba a sonta. Da ta haifi Lawi, ta yi tsammani 'ya'ya maza 3 sun isa su ɗaure zuciyar namiji. Haihuwa uku, goyo uku, idonta yana kan mutum ɗaya wanda nasa idon yana wani ɗaki.

Har wa yau ana ba mata irin wannan shawara, wani lokaci ma daga bakin iyaye mata na ikkilisiya masu kyakkyawar niyya: "'Yata, ki yi haƙuri, in kin haifa masa namiji zai dawo." Shawarar tana da daɗin ji, amma tana ɗora wa jariri kayan da ba nasa ba. Ɗa kyauta ce daga Allah, ba kuɗin sayen ƙauna ba. Rahila kuwa, wadda take da ƙaunar, tana can tana kuka don ba ta da ɗa. Kowace tana ganin rabon 'yar'uwarta ya fi nata.

A haihuwa ta huɗu wani abu ya sake. Lai'atu ba ta ambaci mijinta ba, ta raɗa wa yaron suna Yahuza, wato yabo, ta mai da fuskarta ga Ubangiji. Kada mai karatu ya zaci raunin ya warke ke nan. Sa'ad da ta haifi Zabaluna, ɗanta na 6, ta sāke fatan mijinta zai daraja ta. Haka zuciyar ɗan adam take, tana miƙa kaya ga Allah da safe, ta koma ta ɗauka da yamma. Duk da haka daga zuriyar Yahuza ne Dauda ya fito, daga can kuma Yesu Almasihu.

Maza masu bi kada su ce wannan zancen gida mai kishiya ne. Mutum yana iya mai da matarsa guda ɗaya bora, ba da duka ba, ba da hana abinci ba, sai da rashin kulawa. Nassi bai nuna Yakubu ya ɗaga wa Lai'atu hannu ba. Amma ranar da ya ji tsoron Isuwa, ya jera iyalinsa: barori mata a gaba, Lai'atu da 'ya'yanta a tsakiya, Rahila da Yusufu can baya, nesa da haɗari. Yaran suna da ido. Su ne daga baya suka jefa Yusufu a rijiya, suka sayar da shi.

Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu, aka binne ta a hanyar Baitalami. Sa'ad da Yakubu yake bakin mutuwa a Masar yana da shekara 147, ya umarci 'ya'yansa su kai shi kogon Makfela, inda Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu suke kwance. Ya tuna musu cewa a can ne ya binne Lai'atu.