Shehu Laminu, Muhammadu Bello da Saƙon Minti Huɗu



Watan jiya saura ƙiris zumuncin shekara da shekaru ya lalace a unguwar nan saboda saƙon murya na daƙiƙa ashirin. Kowa ya ji shi, ba sai mun kama suna ba. Wani dattijo cikin maƙwabtanmu Kanuri ya aika wa ɗaya daga cikin 'yan kwamitin rijiyar burtsatse saƙo, shi kaɗai, a kan kuɗin gyara. Saƙon minti huɗu ne. Wanda aka aika wa ya yanko daidai wurin da dattijon ya ce Hausawa sun mai da rijiyar kamar gadon gidansu, ya watsa a WhatsApp na unguwa. Sauran, inda mutumin ya lissafa abin da aka tara da abin da aka kashe, ya kuma ce shi bai ce an ci ko kwabo ba, so yake kawai a karanta lissafi a gaban kowa, wannan bai fito ba. Kafin la'asar samari sun fara harare-harare a bakin famfo.

Da aka tuhumi mai yankan, cewa ya yi bai ƙara ko harafi ɗaya ba, muryar dattijo ce, kuma tunda shi aka aika wa, saƙon nasa ne. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. To amma shin maganar da aka aiko maka ta zama taka ke nan, har ka yanka ta yadda ka ga dama, musamman in mai ita abokin jayayyarka ne?

Mu da muke Hausawa mazauna Borno ba ma buƙatar tafiya nesa neman misali, don jayayya mafi girma tsakanin ƙasar kakanninmu da ƙasar da ta karɓe mu a rubuce aka yi ta. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, Mai Ahmad ya fice. Masarautar ta nemi taimakon wani malami da ke zaune a Ngala, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu. Ya ɗauki takobi, ya kuma ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa jagororin jihadi yana neman su faɗa masa hujjar yaƙar Borno. Ya ce in dalilin shi ne ana yanka a wasu wurare, ko mata na fita ba lulluɓi, ko alƙalai na cin hanci, ko ana cinye dukiyar marayu, to waɗannan saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya ce har a Masar da Sham akwai irin wannan, ba a kuma ce su kafirai ba ne. Wanda ya jahilci abu, karantar da shi ake yi. Ya nuna ya karanta littattafan Shehu Usmanu yana kuma girmama shi, amma abin da mabiya ke yi a Borno ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan.

Wannan fa suka ce mai zafi, don tushen halaccin yaƙin gaba ɗaya ya taɓa. Muhammadu Bello ne ya fi ɗaukar nauyin amsawa. Babbar hujjarsa ita ce sarakunan Borno sun mara wa sarakunan Hausa baya a kan Jama'a, kuma wanda ya taimaki maƙiyi a kan Musulmi hukuncinsu ɗaya. Wa ya fi gaskiya? Malamai sun shafe fiye da shekara 200 suna tattaunawa, ba a wannan shafi za a yanke ba, kuma mu da ke sallah sahu ɗaya da jikokin ɓangarorin biyu ba mu da sha'awar tono.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda maganar Shehu Laminu ta iso gare mu. Da Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa a ciki, da hujjojinsu da zafinsu, sannan ya biyo da amsa. Yau duk ɗalibin da ke son ya san me Borno ta ce, littafin Sakkwato yake buɗewa. Akwai ma masu karantawa su tashi suna ganin Shehu Laminu ne ya yi rinjaye, a cikin littafin mutumin da ya rubuta don ya kayar da shi! Wani zai ce ai don ya rushe maganar ya kwafo ta. Haka ne. Amma wanda ke son rushewa cikin sauƙi, raunanan wuraren yake zaɓowa ya bar masu ƙarfi. Alƙalami na hannun Bello, marubuta na ƙofarsa, babu mai tuhumarsa in ya taƙaita wasiƙar a layi biyu. Ya bar mutumin ya yi magana da bakinsa. Ko dai ya yarda da hujjarsa har ba ya tsoron a ji ta gaba da gaba da ta wani, ko kuma ya ɗauki maganar malami ɗan'uwansa amana ce ko da ana yaƙi. Mu muna ganin duka biyun ne.

A Amurka an yi akasin haka. A 1796 Thomas Jefferson ya rubuta wa abokinsa Philip Mazzei a Italiya wasiƙa ta zumunci, a ciki akwai sakin layi ɗaya na sukar masu mulki. Wannan sakin layin kaɗai aka fitar a jarida, aka juya shi zuwa Italiyanci, daga nan Faransanci, ya dawo Turanci a 1797 ya ƙara kaifi. Mutane suka ɗauka da George Washington yake, kuma tsakanin mutanen biyu bai sake gyaruwa ba har Washington ya rasu a 1799. Yanki ɗaya ne na wasiƙa, kamar daƙiƙa ashirin ɗinmu.

Kada kuma mu yi wa tarihi irin yankan da muke kuka da shi. Shi wannan Bellon, lokacin da yaƙi ya sake tashi Shehu Laminu ya nufo Kano wajen 1826, Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka daga Ingila zuwa ga Shehun Borno. Bello ya karɓe wasiƙar duk da ƙin yardar mai ɗauke da ita, ya hana shi wucewa, a can ma ya mutu a 1827. Za a ce sarki ne, rayukan talakawa na wuyansa, ba zai bari saƙo da makamai su isa ga wanda ke yaƙarsa ba. Muna jin wannan uzuri, ko da yake bai kwanta mana duka ba. Sai dai uzurin mai tsaron ƙasa a tsakiyar yaƙi ne. Ɗan kwamitin rijiya da aka nemi ya karanto lissafi ba zai ara ya yafa ba.

Shi ya sa muke ganin wasiƙa, ta takarda ce ko ta murya, masu ita biyu ne. Wanda aka aika wa yana da ikon ya ajiye, ya amsa, ko ya kai ƙara in an zalunce shi. Ma'anar kuwa ta mai aikowa ce, kuma ma'ana a cikin dukan magana take zaune. In dole sai an fitar, a fitar da ita da kanta da ƙafafunta, a kuma sanar da mai ita. Maganar “gadon gida” ta yi mana ciwo, ba za mu ɓoye ba, kuma bai kamata dattijo ya faɗe ta ba. Amma da an ji ta a wurinta, tsakanin lissafi da wanke mutane daga zargin sata, da fushin tsoho kawai za a kira ta.

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan sallah, mai unguwa ya sa aka kunna saƙon daga farko har ƙarshe a ƙofar gidansa. Minti huɗu ba wanda ya yi tari. Dattijon ya janye kalmarsa, mai yankan ya sunkuyar da kai, ya ce a yafe masa. Lissafin rijiyar dai har yanzu ba a karanta ba, an ce sai ma'aji ya dawo daga Kano.